Gaba Kaɗan

"Ni ban ce ki yi kuka ba, Yaya. Cewa na yi ki shiga takaba."

"Takabar wa?"

"Kin san ta wa."

"Ban sani ba, Kalilu. Kai da ka sani, ka gan shi da idonka?"

Baffa Kalilu, ƙanin Baba, ya cire hula ya share zufa da ita, ya mayar. Tun da ya shigo a tsaye yake, an shimfiɗa masa tabarma bai zauna ba. Inna na ƙofar ɗakinta tana tsintar wake a faifai, ko ɗagowa ba ta yi ba. Wayarta na kan cinyarta, inda take yini tun ranar da Baba ya fita.

Abbas na jingine da rumbu yana jinsu. 

Ranar da Baba ya fita, boda a rufe take. An ja sarƙa a Magama, manyan motoci sun yi layi har tayoyinsu sun fara sacewa, masu ƙetarawa duk sun koma bin daji a bayan 'yan kabu-kabu. Ana cikin haka Zulfa, yayar Abbas da ke aure a Gidan Ƙirya cikin ƙasar Nijar, ta haifi namiji. Kowa ya ce Baba, Malam Ahmadu, ya haƙura ya aika da goro. Ya ce jikansa na fari ba za a raɗa masa suna a bayan idonsa ba. Ya sa farar riga, ya ɗauki sanda, ya hau bayan Shafi'u, ɗan kabu-kabun unguwarsu. Da suka kai busasshiyar ƙoramar da masu bin daji ke ɗauka a matsayin iyaka, Shafi'u ya hango ƙurar motar sintiri, ya sauke shi ya juyo. Aka yi suna babu Baba. An bi ƙauyuka, an leƙa asibitoci, an tambayi jandarma, jami'an tsaron Nijar. Shiru. Sai makon jiya wani ɗan Maraɗi mai sayen hatsi ya zo kasuwar Jibiya da labarin wani tsoho da manoma suka tsinta a gindin aduwa, bakin gonar wani mai suna Lado, suka binne shi a nan inda suka same shi.

Baffa ya karɓi labarin. Inna ba ta karɓa ba. Ita ta ce mutanen daji ne suka ɗauke shi, kuma masu ɗaukar mutum kira suke yi. Abbas bai taɓa zaton zai ga mace tana yi wa mijinta fatan faɗawa hannun 'yan bindiga ba, sai ga shi a gidansu. Kullum sai ya kawo mata cikakken batir daga rumfarsa ta cajin waya, don ba ta yarda wayar ta bar jikinta.

"Tsoho, farar riga, takalmin roba, a kan hanyar Gidan Ƙirya, a kwanakin da Yaya Ahmadu ya bi ta," in ji Baffa. "Me kuma kike nema? Mutane na zuwa ƙofar gida, ban san ko gaisuwa zan karɓa ko jaje ba."

"Tsofaffi nawa ne masu farar riga tsakanin nan da Maraɗi?"

"Yaya."

"Ka ce arewa da ƙorama aka same shi. To, da nisa daga ƙoramar?"

"An ce kusa ne."

"Wa ya ce?"

"Ɗan Maraɗin. Ya ce 'yan kilomita kaɗan."

"Ɗan Maraɗin a mota ya zo." Sai yanzu ta ɗago ta dube shi. "Kalilu, yayanka ne, ka fi ni sanin ƙafarsa. Mutumin da sai ya huta sau biyu kafin ya kai masallaci. Rabonsa da taka ƙafa zuwa kasuwa tun waccan tana goye." Waccan ita ce Zulfa, 'yar fari, ba ta faɗar sunanta. "In wurin kusa ne, kusan da ƙafar Malam za ta kai, ni da kaina zan kwance ɗankunne, ba sai ka ce ba. In da nisa, mijin wata ne kuka binne mini. Ba zan zauna wa mijin wata takaba ba."

 Ta juyo wajen rumbu.

"Abbas, kai ka yi boko. Je ka auno mini."

Boko. Abin da ya rage masa na sakandare ba shi da yawa, amma maganar tata ta tono masa wani abu. A aji biyar malamin Turanci ya taɓa rubuta kalmomi biyu a allo, farther da further, ya ce harafi ɗaya ne tsakaninsu amma kada wanda ya kuskura ya haɗa su. Ɗaya ta nisan hanya ce, wanda ake aunawa da ƙafa ko da igiya. Ɗayar ta nisan da ba ya aunuwa ce, kamar a ce magana ta yi nisa. Abbas bai taɓa riƙe wace ce wace ba, duk jarrabawa sai ya juya su, kuma a lokacin gani yake Turawa aiki ne ya yi musu ƙaranci. Yanzu da zai samu irin na farkon, nisa tsantsa wanda zai ɗauko ya ajiye a gaban Inna ba tare da ya ƙara komai nasa ba, da ya gode Allah.

Washegari da sassafe ya sami Shafi'u a tasha yana juye fetur daga kwalba.

"Injiniyan caji," in ji Shafi'u, bai dube shi sosai ba. Tun da abin ya faru ba ya haɗa ido da 'yan gidan. "Yau wa zai riƙe wa duniya wuta?"

"Ƙorama za ka kai ni. Inda ka sauke shi."

Shafi'u ya rufe tanki a hankali. "Hau."

Suka bar kwalta kafin Magama, suka bi ta bayan gonaki. Bazara ta kai maƙura. An share gonaki an tara kara tsibi-tsibi, wasu na hayaƙi, ƙasa ta yi fari tana jiran ruwa. A hanya Abbas ya matso da bakinsa kusa da kunnen Shafi'u.

"Daga ƙorama zuwa Gidan Ƙirya, yaya nisan yake?"

"Rabin kwalba. Bai ma kai ba in ba ka da kaya."

"Ba fetur na tambaye ka ba."

"To da me zan auna maka? Ni da shi na san hanya."

"Me ka ce masa da ka sauke shi?"

Sai da suka haye wani kwazazzabo Shafi'u ya amsa. "Ya tambaye ni saura nawa. Na ce gaba kaɗan. Kuma gaba kaɗan ne, Abbas. Ka tambayi duk ɗan tashar nan."

A bakin ƙoramar ya tsaya. Yashi ne shimfiɗe, sawun tayoyi sun yi masa zane ta ko'ina, sai wata tsohuwar jarka da ta fashe aka yar. Ya nuna gindin wata sabara da leɓe. A nan.

"Zauna in ƙarasa da kai gonar Ladon. Ba sai ka biya ba."

"Da ƙafa zan je."

"A wannan ranar? Bokon ne ya motsa?"

"Nisan babur ba shi aka aiko ni in kawo ba."

Shafi'u ya dube shi, ya ciro ledar ruwa biyu daga aljihu ya miƙa masa, ya juya babur.

Abbas ya karyo reshe ya yi sanda. Ya san tafiyar ubansa kamar yadda ya san muryarsa. Tun da buhun gero ya zamo daga bayan mota ya danne masa ƙafar hagu, Malam Ahmadu bai ƙara ɗaga ta ba, janta yake. Sanda ta fara sauka, dama ta bi, sannan hagu ta zo tana sharar ƙasa. Takalmin hagun kullum zamewa yake, sai ya ɗaure shi da tsumma. Tun suna yara daga cikin ɗaki suke jin shigowarsa zaure, su daina faɗa.

Ya sa sanda, ya sa dama, ya ja hagu.

Sautin ya fito daidai. Har ya waiwaya. Babu kowa sai yashi da jarkar nan.

Ya ci gaba a haka. Da ya yi tafiyar da ta kai daga gida zuwa shagon mai shayi, inda Baba ke hutun farko, ya tsaya ya huta. Da ya kai kwatankwacin masallaci ya sake tsayawa. Ƙugunsa ya fara ciwo, don jan ƙafa ya fi ɗaga ta wahala, abin da bai taɓa sani ba duk shekarun da yake bin bayan mutumin yana ƙosawa. Ya wuce kwatankwacin kasuwa. Ya wuce kasuwa da komawa gida. Babu aduwa, babu gonar Lado, sai fili da sabara da wani tudu a gaba.

A nan ya ji wani abu mai kama da murna. Ya isa. Ƙafar Baba ba ta taɓa yin wannan tafiyar ba tun Abbas yana yaro. Zai iya juyawa daga nan ya ce wa Inna da nisa, kuma ba ƙarya ya yi ba. Ya zauna a inuwar wani kalgo ya huda ledar ruwa ɗaya ya shanye.

Wata tsohuwa ta fito daga cikin sabara da ɗaurin kirare a ka. Ta gan shi da sanda, ta rage tafiya.

"Sannu da rana, ɗana. Ƙahwa ce?"

"Ƙafa ce, Iya. Gonar Lado nake nema, mai aduwa."

"Lado na Gidan Ƙirya? Ai ka iso. Ga ta can bayan tudun ga. Ka hau ka gangara."

"Kusa ne?"

"Gaba kaɗan. Saurayi kamarka, in ba ƙahwar ba, da tsalle za ka yi." Ta yi dariya da sauran haƙoranta, ta gyara kaya ta wuce.

Abbas ya dubi tudun. Ba wani tudu ba ne, yaro zai haye shi da gudu. Ya waiwaya baya. Ƙoramar ta ɓace, ko sabarar da aka nuna masa ba ya iya warewa daga sauran. Sai ya ga Baba zaune a wannan inuwar, ko wata irinta, ya miƙe ƙafar hagu yana sake ɗaurin tsumma, yana duban baya yana duban gaba. Baya tafiya ce da ya riga ya san zafinta, kuma a ƙarshenta babu kowa, babur ya tafi. Gaba tudu ne ɗan ƙarami, da jariri a bayansa.

Ya tashi. Murnar ta tafi, bai ma lura da lokacin da ta tafi ba.

Bayan tudun babu aduwa. Akwai fili, da wani mai amalanke da shanu biyu yana ɗauke da jarkoki lulluɓe da ciyawa. Shi ma ya ce gaba kaɗan, ka bar kukar can a hannun dama. Bayan kuka wasu mata a bakin rijiya suka ba shi ruwa a guga, suka tambaye shi ko a Najeriya an daina sayar da babura ne. Ya tambaye su ko sun ga wani tsoho mai jan ƙafa kwanakin baya. Ɗaya ta ce tun da aka rufe boda tsofaffi da guragu da masu ciki duk ta nan suke bi, wa zai riƙe? Gonar Lado kuwa, ai ga ta nan, har ana jin tarin mai ita.

Ba a jin tarin kowa. Rana ta tsaya a tsakiyar kai. Tun bayan rijiyar Abbas ya daina jan ƙafa, ƙugunsa ya ƙi, ya koma tafiyarsa ta kullum. Amma sautin bai daina ba. Sanda, dama, sannan shara. Yana jinsa a bayansa, ba kusa sosai ba, kamar tazarar da ke tsakaninsu in ya wuce Baba a hanyar masallaci ya ƙi jira. In ya tsaya, sai sautin ya ƙara taku ɗaya kafin shi ma ya tsaya. Ya ce wa kansa zafi ne da jini a kunne. Bai sake waiwayawa ba, amma ya rage sauri.

Ya rasa lissafin masallatai da kasuwanni. Ba wanda ya yi masa ƙarya babba. Kowa ɗan guntu ya yanko masa, daidai wanda zai iya haɗiyewa, kuma duk guntun da ya haɗiye sai komawa ta ƙara tsawo.

Bayan azahar ya ga aduwar. Ita kaɗai ce a bakin wata gona da aka share tas, wani dattijo siriri yana tattara kututturen gero da manjagara. A gindin itacen akwai tudun ƙasa, an lulluɓe shi da ƙaya, an danne da duwatsu.

Dattijon ya amsa sallama, ya jingina manjagara. "Ni ne Lado. Daga Najeriya? Ka sha rana. Mi kake bida, yaro?"

Abbas ya nuna tudun ƙasar da kai. Lado ya dube shi daga sama har ƙasa, ya tafi ya ɗauko buta da goran fura daga cikin inuwa. Sai da Abbas ya sha sannan ya tambaye shi.

"Naka ne?"

"Shi na zo in sani."

"To." Lado ya tsuguna. "Nan munka iske shi, jingine ga iccen ga, kamar mai hutawa. Na zo duba gona, har na yi mishi sallama."

"Ƙafarsa ta hagu, Baba. Ta fi ɗayar sirantaka? Akwai tabo a ƙauri?"

Lado ya girgiza kai. "Rana ta riga mu gare shi, yaro. Ba mu iya duba komi ba. Ruwa munka kwarara mishi daga nesa, munka naɗe shi da zanen gidana, munka yi mishi sallah mu huɗu. Allah ya sani mun yi abin da munka iya."

"Sanda fa?"

"Akwai icce kusa da shi. Ko sanda ce ko reshe ne ya hwaɗo, ban iya ce maka. Cikin ramin munka sa shi."

"Takarda? Waya?"

"Babu. Sai wancan."

Ya nuna sama. A jikin wata ƙayar aduwar an rataye takalmin roba baƙi, irin wanda ake zubawa a ƙasa a kowace kasuwa daga Katsina har Maraɗi. Abbas ya miƙa hannu ya sauko da shi. Rana ta gasa shi ya yi tauri. Ya juya shi, ya duba ƙasansa. Na dama ne.

"Ɗayan fa?"

"Guda munka gani. Mun duba kewaye. Ko karnuka, ko tun a hanya ya yar."

Na hagun ne zai yi magana. Shi ne gefensa ke cinyewa, shi ne mai tsumma. Na dama takalmin kowa ne. Abbas ya tsaya da shi a hannu yana tunanin irin mutumin da takalmin hagu zai zame masa a hanya ya kasa komawa ya ɗauka, sai kuma ya tuna karnuka ma gaskiya ne.

"Bana na bar mishi wurin, ba ni huɗa nan," in ji Lado. "Amma ruwa in ya sauka ƙasa kwantawa take. In naka ne, ku zo ku sa alama tun ana ganewa."

Abbas ya matsa gaban ƙayar ya ɗaga hannu. Ya buɗe baki ya rasa sunan da zai sa. Ya ce Allah ya jiƙan wannan bawa naka, ya sa ya huta. Lado ya ce amin. Sai a lokacin Abbas ya lura sautin nan ya daina. Tun da ya shigo inuwar bai sake jinsa ba.

"Gidan Ƙirya fa, daga nan?"

"Gaba kaɗan. Ka ga itatuwan can?"

"Baba, don Allah. Ba tafiya zan yi ba. Gaskiyar nake so."

Lado ya yi ɗan murmushi, kamar an kama shi yana satar goro. "In gaskiya ce, mai ƙahwa lahiya sai ya yi la'asar a hanya. Amma ba a hwaɗa ma matahiyi haka. Ka kashe mishi gwiwa, ya zauna maka nan, ka yi yaya da shi? Haka munka taso munka iske."

"Ko da tsoho ne?"

"Tsoho ma ya hi buƙata."

Ya faɗe ta ne da zuciya ɗaya, yana kakkaɓe ƙasa daga gwiwa. Abbas ya sa takalmin a cikin ledar ruwan da ya shanye, bai shiga duka ba, ya riƙe shi a haka.

Wani maƙwabcin Lado zai gangara kudu a babur da jarkoki marasa komai, Lado ya tsayar da shi ya ce ya rage wa baƙo hanya. Abbas ya hau tsakanin jarkoki. Rijiya ta wuce, matan sun tafi. Kuka ta wuce. Tudun nan babur bai ko canja murya a kansa ba. Kafin ƙafafunsa su daina zugi sai ga yashin ƙorama da fasasshiyar jarka. Shafi'u bai yi ƙarya ba. Ɗan Maraɗi ma bai yi ba.

Mai babur ya sauke shi ya yi yamma. Abbas na tsaye yana jiran wani abin hawa sai ga mutum uku sun gangaro cikin yashin daga ɓangaren Najeriya, magidanci da buhu a kafaɗa, matarsa da goyo, da wata dattijuwa a baya tana dafa ƙugu. Su ma a nan aka zubar da su.

"Sannu, samari. Gidan Ƙirya da saura?"

"Gaba kaɗan," in ji Abbas.

Bakinsa ne ya faɗa, shi bai aike shi ba. Magidancin ya yi godiya, ya ce wa dattijuwar kin ji ko, Gwaggo, mun iso. Ta ɗan miƙe bayanta. Har sun haye ɗaya gaɓar Abbas ya bi su da sauri.

"Malam, tsaya. Ba kusa ba ne. Da nisa ƙwarai. Ni tun safe na bi ta, sai bayan azahar na kai rabi da wani abu. Da wannan baiwar Allah ba za ku kai da rana ba."

Dattijuwar ta dube shi. Sai ta nemi wuri a kan yashi ta zauna, a hankali, kamar an zare mata wani abu daga baya. Matar ta fara jijjiga goyon da bai yi kuka ba. Magidancin ya sauke buhu.

"To yanzu da ka faɗa, babur ka kawo mana?"

"A'a."

"Baya za mu koma? Ka san inda muka fito?"

Abbas ya dubi dattijuwar da ke zaune kan yashi.

"Wane irin yaro ne kai," in ji mutumin, ba da ƙarfi ba. Ya tsuguna gaban dattijuwar. "Gwaggo, rabu da shi, ɗan birni ne, bai san hanya ba. Tashi. Bayan tudun can ne."

Ba ta tashi ba. Har wani ɗan kabu-kabu ya zo ya ɗauki Abbas tana nan zaune, mutumin na tsugune a gabanta yana magana, yana nuna arewa. Abbas ya roƙi mai babur ɗin ya turo musu wani in ya isa tasha. Ya ce to, irin to ɗin da ake ce wa fasinja.

Rana ta yi sanyi lokacin da ya shigo unguwa. Gabas ta haɗa baƙi, iska na tashi da ledoji, yara na ihun hadari. A ƙofar gida dattawa biyu na zaune kan benci, suka amsa sallamarsa suna duban fuskarsa, ba su tambaya ba.

A zaure ya tsaya. Bai san yadda zai shiga da abin da ke hannunsa ba. Ya cire shi daga leda ya ajiye a gefen ƙofa, inda Baba ke tuɓe nasa, kusa da butarsa da har yau ba wanda ya ɗauke. Ya ja da baya ya duba. Takalmi ɗaya a bakin ƙofa, kamar mai shi ya sa ƙafa guda a gida ya tsaya jiran ɗayar ta iso.

Baffa Kalilu na tsakar gida, yau ya zauna. Inna na inda ya bar ta. Wayar na kan cinyarta. A gefenta kan tabarma akwai wani tsohon zane na takaba a ninke, wanda matar Baffa ta kawo tun makon jiya, ba ta taɓa shi ba, ba ta kuma ce a ɗauke ba.

Ta dubi ƙafafunsa da suka yi fari da ƙura har gwiwa. Ta dubi sandar da ya manta bai yar ba. Baffa ya gyara zama zai yi magana, ta ɗaga masa hannu.

Abbas ya tsuguna a gabanta. Yana da amsa ta gaskiya, wadda ya auno da ƙafarsa, kuma ya san in ya faɗe ta gobe zai kawo batir, da jibi, da baɗi, ruwa kuma ya kwantar da ƙasar gindin aduwa. Yana da ɗaya amsar, wadda kowa ya ba shi yau, wadda aka ba Baba. Ɗigon farko ya faɗo a kan kwanon rufi. Daga wajen zaure iska ta ja wani abu a ƙasa, ta tsaya.

"Abbas," in ji Inna, muryarta ƙasa-ƙasa. "Da nisa?"